Wasan zango a bakin teku: wace rana ce ta dace, kuma yaya kalangu zai yi magana cikin laimar iskar teku?

Sakataren Matasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce daga kwamitin matasan zangonmu. Garinmu ƙaramin ƙauyen masunta ne na Fanti a gaɓar teku, tsakanin Winneba da Saltpond a ƙasar Gana, mu Hausawan zango kuwa ba mu fi gida sittin ba. Dattawa sun amince bana mu fito da wasan al'adarmu fili, a gayyaci mutanen gari su gani: kalangu, ganga, goge, kakaki guda, kokawa da rawar 'yan mata. Makaɗan daga Kumasi da Tamale za su zo. Muna sa ran mutum 400, ko su ɗan haura.

Fili mai faɗi a garin nan guda biyu ne, filin ƙwallon makarantar firamare da kuma rairayin bakin ruwa inda ake jawo kwale-kwale. Matasa bakin ruwa suke so saboda kyan hoto. Wasu sun ce a haɗa da makon bikin gari tunda jama'a na dawowa gida, wasu sun ce a'a. Ga kuma maganar da muke ji cewa kalangu ba ya tashi a bakin teku. Wanda ya san harkar ya taimaka: wace rana, wa za a fara gani, yaya ake yi da ganguna, kuma wane irin inji da lasifika za mu ɗauko haya? Allah ya saka.

Malam Tica

Wa alaikumus salam Sakatare. Ka ajiye maganar lasifika tukuna, rana ita ce gaba. A garuruwan gaɓa ba kwamiti ke zaɓen ranar kiɗa ba, kalandar gari ce ke ba da ita, domin kusan kowane babban biki a nan yana da kwanakin shiru a gabansa.

Duba Elmina. Bikinsu na Bakatue ranar Talatar farko ta watan Yuli ake yin sa, kuma wajen mako shida kafin nan ba a kamun kifi a tafkin Benya, ba a kiɗa, ba a bikin jana'iza. Sai ranar ta zo an jefa birgi sau uku a tafkin sannan hanin ya zo ƙarshe. A Cape Coast, Fetu Afahye yana kaiwa ƙololuwa ranar Asabar ta farko a Satumba, shi ma da hanin kiɗa da na kamun kifi a tafkin Fosu kafinsa. Mutanen Ga a Akra suna rufe kiɗa wajen wata guda tsakanin Mayu da Yuni kafin bikinsu na Homowo, har majami'u da masallatai akan ce su mayar da lasifika ciki. Maƙwabtanku na Winneba nasu Aboakyer ne, Asabar ta farko a Mayu. Ƙananan ƙauyuka ba sa shiga jarida, amma kowanne yana da nasa kwanakin, kuma wanda ya buga ganga a cikinsu gangar za a ƙwace, a ci shi tara, galibi tunkiya da kwalaben giya. Baƙon da ya zo daga Tamale ba zai san wannan ba. Ku za a tuhuma.

Don haka a bi ƙofofi bi da bi. Sarkin zango ne zai ja gaba, ba matasa ba. A fara da okyeame, wato mai magana da yawun sarkin gari, shi zai sa ranar ganin sarki, shi kuma zai faɗa muku abin da ake zuwa da shi. Al'adarsu kwalbar giya ce da ambulan. Sun daɗe da zama da Musulmi, in aka ce za a kawo kuɗi da goro da lemun kwalba a madadinta ba wanda zai ɗaga gira, muddin an faɗa tun farko ba a gaban fada ba. Bayan sarki sai apofohene, sarkin masunta. Rairayin nan da matasa ke gani kamar fili ne na Allah, kowane taku yana da mai shi: nan wurin jan jirgin wane, can wurin shanya komar wane. In apofohene bai sa baki ba, za ku wayi gari ku tarar da kwale-kwale mai taku arba'in a tsakiyar da'irar kokawarku, kuma ba mai matsar da shi. Kada a manta da konkohemaa, shugabar mata masu sayen kifi. Ita ke da bencina da tukwane da bakin da ke tara jama'a. Na ƙarshe shugabannin asafo.

Asafo ɗin nan ku yi hattara da su. Ƙungiyoyin mayaƙan gari ne na da, kowace da lambarta da launinta da salon kiɗanta da ɗakin tsafinta da ake kira posuban. Tutocinsu, frankaa, zane ne da ake ɗinka hotuna a kai, a kusurwa da tutar Ingila a zamanin Turawa, daga 1957 kuma tutar Gana. Hotunan habaici ne: kada ta kama kifi, zaki ya danne wani abu, duk gugar zana ce ga ƙungiyar da ake gasa da ita, kuma a tarihi an sha zubar da jini a kan tuta. Abin da ya shafe ku shi ne ankon 'yan mata da ƙyallen sanarwa. A tambayi launukan ƙungiyoyin garin kafin a sayi atamfa. Ƙyallen sanarwa kuwa rubutu zalla, ba dabba, ba takobi.

Ta ɓangaren hukuma, dokar 1994 mai lamba 491 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin taron fili. Ku kai takardar da mako biyu, da kwafi ga ɗan majalisar gundumarku.

Game da haɗawa da bikin gari, ra'ayina kada ku shiga ranar hawan sarki. Ranar gangunan asafo da bindigogin gargajiya da 'yan badujala za su shanye ku, ba wanda zai ji goge. In ana son cin moriyar jama'ar da suka dawo gida, a nemi yammacin Lahadin da ke biye, bayan an tashi daga coci. In ba dole ba ne a haɗa, ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Janairu ya fi kowane lokaci: hunturu ya leƙo gaɓa, iska ta ɗan bushe, ruwan sama ya ɗauke. A guji Yuni, nan ne tsakiyar damina. A guji Asabar in da hali, ranar jana'iza ce a ƙasar nan, rumfa da kujera duk an kama su tun da wata guda. Talata tana da daɗi da ɗaci: masunta ba sa shiga teku, kowa yana gida, amma saboda haka ne dukan jirage suke kan tudu, komaye a baje ana ɗinki, filin ya ragu da rabi.

Sarkin Kiɗa

Malam ya gama da fada, bari in taɓa ganguna. Maganar da kuka ji gaskiya ce, amma tana da magani.

Fata danshi take sha. A Tamale da rani iska a bushe take ƙarau, fatar kalangu ta ɗame, kana taɓa ta da makaɗi ta amsa. A bakin teku laimar iska takan kai kashi 80 cikin ɗari ko fiye, musamman daga faɗuwar rana. Fatar ɗan akuya da ake rufe kalangu da ita siririya ce, cikin rabin sa'a ta sha ta saki. Tsirkiyoyin ma fata ce, su ma su miƙe. Sai makaɗi ya matse hammata iya ƙarfinsa amma muryar sama ta ƙi fita, kalangun yana ta gunaguni a ƙasa kamar mai mura. Kalangu kuwa maganarsa a tazarar da ke tsakanin murya ta ƙasa da ta sama take. In ta sama ta tafi, kirari ya tafi, sai dai ƙara.

Abin yi na farko, makaɗa su iso da kwana biyu, ko aƙalla kwana ɗaya. A fito da ganguna daga buhu a rataye su a ɗaki mai iska, fata da kango su sha abin da za su sha su tsaya. Sai a bi tsirkiya ɗaya bayan ɗaya a janye sakin, a zagaye sau biyu a hankali, ba a fizga wuri guda ba, don kada bakin ya karkace. Wanda ya sauka daga mota da azahar ya hau fili da la'asar, a tsakiyar waƙa gangarsa za ta canza masa murya.

Na biyu, ɗumi. In da rana, a kifa fuskar ganga ga rana minti goma zuwa sha biyar, a juya ɗaya fuskar. In rana ta yi sanyi sai kasko da garwashin gawayi, garwashi ba harshen wuta ba. A riƙe gangar nesa da shi kamar tsawon hannu, ana juyawa, ana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa ana sauraro. Ma'auninsa tafin hannu: in ka ɗora a fatar ka ji ɗumi mai daɗi, ya isa, in ka ji zafi, ka riga ka wuce. Fatar da ta gasu tsakiya takan yi fari-fari, ta yi tauri, bugu uku ta tsage. Ɗumi ɗaya yakan riƙe minti ashirin zuwa talatin a iskar teku, don haka kowane makaɗin gaba ya zo da kalangu biyu, yaro guda aikinsa ke nan, yana gasa ɗaya ana kaɗa ɗaya. Mai tsara shiri ya yanka wasan gida-gida, kada a ce kalangu zai yi sa'a biyu a jere.

Wanda ba ya son wuta, a samo babban kwali ko akwatin katako, a rataya ƙwan lantarki irin na da mai zafi, wat 60 ko 100, a tsakiya, a jera ganguna kewaye ba tare da sun taɓa shi ba, a rufe. Farin ƙwai na zamani ba ya ɗumi, ba zai yi ba. Wannan ya fi kasko aminci, kuma a bakin ruwa akwai dalili babba: man firimis na injinan jirage a jarkoki yake a rumfunan masunta, komayen kuma nailan ne, tartsatsi ɗaya ya huda su. Kasko ya yi nesa da jirgi da koma da taku talatin, a ɓangaren da iska ke tafiya, da bokitin rairayi a gefensa.

Babbar ganga fatarta ta fi kauri, tana jurewa, sai dai zaren da ke kwance a fuskarta mai sa ta zuza yakan saki, a ɗan ƙara ɗaure shi. Kada a ajiye kowace ganga a kan rairayi kai tsaye ko da ya yi kama da busasshe. Tabarma a ƙasa, ko benci.

Goge ya fi kowa shan wahala. Izgar doki tsawo take ƙarawa in ta ji laima, ita da ta jikin gogen da ta bakan duka. Fatar guzan da ke kan ƙoƙon ta saki, jaki, wato ɗan icen da ke tokare izgar a kan fatar, ya nutse, murya ta faɗi. Ƙaron da ake gogawa ya yi danƙo, mai goge ya ga baka na santsi ya ƙara shafawa, abin ya ƙara lalacewa. A shafa kaɗan, a riƙe tsumma busasshe ana share izgar tsakanin waƙa da waƙa, a zo da jaki na biyu wanda ya ɗan fi na kullum tsayi. Kuma a sa goge a farkon shiri, da rana a sama, kafin raɓar yamma. Mai garaya ko gurmi da ya sa zaren nailan shi ba ruwansa, in ma ya tsinke ga zaren kamun kifi a ko'ina.

Kakaki gishiri ne abokin gabarsa. Da an gama a raba gaɓoɓinsa, a wanke da ruwan daɗi, a shanya, a shafa mai kaɗan a mahaɗa. In aka bar shi a haɗe da rairayi a ciki har aka koma gida, sai an nemi maƙeri.

Ga abin da aka fi mantawa. Gangar da aka ɗame a bakin teku, in aka ɗora ta a mota haka aka nufi arewa, tana wuce Kintampo iska ta bushe, fatar ta ja, kafin Tamale ta fashe a cikin buhu ba wanda ya taɓa ta. A sassauta tsirkiya kafin a yi sallama. A zo da fatu biyu ko uku na ko-ta-kwana, da basilla da zare.

In mutanen gari za su kawo nasu ganguna, ku lura irinsu masu turaku ne, da dutse ko guduma ake buga turakun fata ta ɗame nan take, fatar kuma mai kauri. Muryarsu ta fi ta kalangu nisa a fili. Kada a haɗa su lokaci guda sai in an sa wa kalangu makirufo.

Mai Lasifika

Allah ya ja zamanin Sarkin Kiɗa. Ni dai in za a ji tawa, filin makaranta ya fi. Taku ɗari biyu daga ruwa ya isa ya rage feshin gishiri da rurin teku da rabin wahalar. A yi jerin gwano a bakin ruwa a ɗauki hoto, a dawo makaranta a yi wasa. Amma tunda na san matasa, ga yadda ake yi in sun kafe.

Ruwa tukuna. Teku tana cika sau biyu a yini, tsakaninsu sa'a 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da wajen minti 50. Cikar da kuka gani yau da ƙarfe uku, bayan mako guda janyewa za ku tarar a wannan lokacin. Cika mafi girma tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata da kuma bayan wata ya cika, wato kalandar Musulunci da ke bangon masallaci ta ishe ku: farkon wata da 14 zuwa 17 a kiyaye. A gaɓarmu tashin ruwan bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, amma mita ɗaya a tsaye taku goma ne ko fiye a kwance. A duba jadawalin cikar teku na Takoradi ko na Tema a waya, sannan a je da ido a nemi layin shara da ciyawar teku mafi nisa a kan tudu. Dandali ya wuce wannan layin da aƙalla taku goma sha biyar.

Iska daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku, tana ƙarfi daga hantsi zuwa yamma. Sauti bin iska yake. In ka harba shi gaba da ita, na layin baya ba su jin komai ko ka ƙure inji. Don haka dandali ya ba teku baya, ya fuskanci arewa maso gabas. Illar wannan ita ce bakin makirufo yana kallon mawaƙi, ke nan yana kallon teku, zai kwashi iska da rurin ruwa. A kafa bango a bayan dandali, na falanki ko zanan kaba mai kauri, tsayin mutum da ɗan ƙari. Kaba ta fi tampol, tana tace iska ba ta kumbura. Kowane makirufo da soson rufi, a kan miksa kuma a yanke ƙasan sauti daga Hz 100 ko 120. Makirufo na hannu irin na mawaƙa shi ne daidai, a manne da baki. Masu tsananin ji irin na situdiyo a bar su gida, laima tana sa su tsartsar. Kalangu a sa masa ɗaya tazarar tafin hannu daga fuskar gaba, a gaya wa makaɗi ya rage yawo.

Mutum 400 a fili: lasifika huɗu masu inci 15 a kan sanduna, ƙahon ya wuce kan mai tsaye. Fili ba bango, ba abin da ke dawo da sauti, rairayi da jikin mutane shanyewa suke. Manyan akwatunan bes ba dole ba ne in kiɗan gargajiya ne zalla. Da amfilifaya da miksa da fitilu shida masu wat 50, duka ba za su wuce kilowat uku ba. Janareta mai kVA 5 zuwa 6.5, wanda ke da na'urar daidaita wuta. A tuna lambar kVA ba ita ce kilowat ba, a ninka da 0.8, kuma kada a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu. Kada mai firiza ko mai injin markaɗe ya ja layi daga jikinsa, duk tashin kwamfiresa sai lasifika ta yi tari. Fetur a lissafa lita biyu kowace sa'a, a kashe inji kafin a ƙara.

A ajiye janareta taku talatin zuwa arba'in a inda iska za ta tafi da ƙara da hayaƙi, a kan falanki, don kada ya nutse ko ya zuƙi rairayi. Waya mai kauri 2.5 mm² in ta yi mita 50 da cikakken kaya takan zubar da wajen bolt 14. A sa mai 4, asarar ta dawo wajen 9. Ba jona da salatif a ƙasa. Duk mahaɗa a ɗaga ta a kan turke a rufe da leda ta sama, a bar ƙasan a buɗe.

Wannan kuma batun rai ne. Rairayi mai danshin gishiri yana ɗaukar wuta sosai, 'yan rawa da 'yan kokawa kuma ba takalmi. Busasshen na sama kuwa ba ya karɓar ƙarfen at, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. A buga ƙarfe mai mita ɗaya da rabi har ya kai danshi, a zuba bokitin ruwan teku a gindinsa. A sa makatsar wuta mai yankewa a miliam 30 daga bakin janareta, kuma mai aikin wuta na gaske ya gwada ta a wurin, domin ƙananan janareta da yawa ba a haɗa at da nutural a cikinsu ba, makatsar tana nan amma ba za ta faɗi ba.

Rumfa mai ƙafa 20 sau 20 in iska ta shiga ƙarƙashinta tashi take da ƙarafunta. Turke ba ya kama rairayi. A cika buhun shinkafa rabi da rairayi, a ɗaure shi da igiya a tsakiya, a haƙa rami mai zurfin gwiwa ko fiye, a binne, a tattake. Kowace ƙafa buhu ɗaya, ɓangaren teku biyu-biyu. A bar gefuna a buɗe. Kujerar roba ƙafafunta nutsewa suke, su buɗe, su karye da babban mutum a kai. A shimfiɗa falanki a ƙarƙashin layin sarakuna, sauran jama'a benci da tabarma. Da'irar kokawa a bi ta da manjagara sau biyu, akwai ƙugiya da fasasshen kwalba da ƙayar kifi. Share gaɓar kuwa da asubar ranar ake yi ba jajibiri ba, kun san abin da nake nufi.

Kashegari a goge kaya da tsumma mai ɗan ruwan daɗi, a fesa man wanke mahaɗa a soket da maɓallan miksa, a bar akwatuna a buɗe yini guda. Mai haya zai duba.

Hajiya Uwar Biki

Sannunku da ƙoƙari. Duk kun yi maganar ƙarfe da fata, ba wanda ya tuna yara da ciki.

Tekun nan ba kogi ba ce. Akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu, saman ya yi lum kamar ba komai, nan ne yake jan mutum. Yaran masunta sun san su, yaran baƙi daga Kumasi ba su sani ba, kuma da an fara kiɗa idon kowace uwa yana dandali. A ja igiya tsakanin taro da ruwa, a roƙi apofohene samari huɗu masu iyo su tsaya, a ba su abinci da ɗan abin hannu. Mai sanarwa ya faɗa da Hausa da Fanti, ya maimaita.

Lokaci: la'asar wajen uku da rabi, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu na biyo ta nan da nan. Sa'a biyu da rabi kuke da ita. A fara huɗu saura kwata, a tashi kafin kiran magariba. Alwala ba matsala, ruwan teku mai tsarki ne, amma tsofaffi ba za su gangara ba, a ajiye musu duro da butoci.

Ruwan sha leda uku kowane mutum, 1,200 ke nan, jaka 40 mai talatin-talatin, da buhunan zuba shara a ƙafar kowace rumfa, in ba haka ba iska ta kwashe ledojin ta zuba wa masunta a koma. Shinkafa kilo ɗaya tana ciyar da mutum shida zuwa bakwai. In da wake za a haɗa, buhu ɗaya mai kilo 50 da wake kilo 15 ya wadatar. Shinkafa da wake kuwa ba sai an yi wa Bafante bayani ba, waakye da suke ci kullum sunan namu ne. A dafa a gida cikin zango, a zuba a robobi masu murfi, a kawo a cikin kula. Wanda ya ɗora tukunya a bakin ruwa iska ta kwashe wutar, rairayi ya shiga miya. Yaji da ƙuli da kilishi a bar su a ɗaure sai lokacin ci, laima tana dunƙule yaji, ta sa kilishi ya yi laushi. Kifi a saya ta hannun konkohemaa, a soya da safe. Kwanon fada da na asafo a fara fitar da su kafin na kowa.

Sakataren Matasa

Allah ya saka da alheri, iyayena. Mun zauna jiya. Za a yi jerin gwano a bakin ruwa, wasa a filin makaranta, Lahadin farko ta Janairu in fada ta yarda. Saura abu ɗaya: a makarantar ma sai an gasa ganguna?

Sarkin Kiɗa

Sai an gasa, ɗana, sai dai ba kamar a bakin ruwa ba. In hunturu ya sauko sosai a makon, rana kaɗai ta isa har wajen biyar, daga nan a koma kwalin ƙwan lantarki. Kalangun da za a yi jerin gwano da su kada su zama na dandali. A ba yara tsofaffin su sha gishirin, masu kyau su jira a aji a rufe.